Filasma ko LCD: Nazari a kan Zaɓen Talabijin ɗin Bango a Bomo da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan ce zamani riga ne. Duk wanda ya shiga ɗakunan jama'a a Bomo da Samaru da Sabon Garin Zariya a 'yan shekarun nan zai shaida gaskiyar wannan magana, domin kuwa tsohon akwatin talabijin mai ƙusumbi, wanda a da akan ware masa tebur guda a lulluɓe shi da ƙyalle saboda ƙura, ya ja da baya, wani siriri mai kama da allon makaranta ya maye gurbinsa a jikin bango. Wannan sabon talabijin ya shiga cikin lissafin kayan ɗakin amarya, ya zama jarin masu gidajen kallon ƙwallo, har ma ɗalibi mai zaman haya yakan yi tattalin 'yan kuɗinsa don ya mallaki ƙarami. Sai dai mafi yawan masu saye ba su san cewa iri-iri ne ba. Kowane suka gani manne da bango, sunansa a wurinsu "filasma".

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana bambancin da ke tsakanin manyan nau'o'i biyu na talabijin ɗin bango, wato filasma da LCD, ta kuma auna su da ma'aunin rayuwar mutumin Bomo: wutar da yake samu, da ɗakin da yake kwana, da yanayin garinsa, da kuma ƙarfin aljihunsa. Za a ga cewa zaɓen ya rataya ne a kan wutar lantarki fiye da kome.

2.0 Waiwaye

An buɗe tashar talabijin ta farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Arewa ta samu tata a Kaduna cikin 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Hoto mai launi ya fara fitowa daga tashar Jos a tsakiyar shekarun 1970, sa'an nan a 1977 aka haɗe tashoshin ƙasar a ƙarƙashin hukumar NTA. A duk tsawon wannan lokaci, har zuwa farkon shekarun 2000, akwati iri ɗaya aka sani, wato mai ƙusumbin nan da ke ɗauke da babbar kwalbar gilashi a cikinsa. Mai saye bai da wata wahalar zaɓe in ban da girma da sunan kamfani, da kuma ko mai launi ne ko baƙi-da-fari.

A ƙasashen waje kuwa, masana sun daɗe suna neman hanyar rage wannan ƙusumbi. A 1964 Donald Bitzer da Gene Slottow na Jami'ar Illinois ta Amurka, tare da ɗalibinsu Robert Willson, suka ƙirƙiro allon filasma na farko. Shi kuwa sinadarin da LCD ke aiki da shi, wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Ostiriya mai suna Friedrich Reinitzer ya gano shi tun 1888, amma sai a 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna wa duniya allon da aka yi da shi. Filasma ce ta riga shiga kasuwa da manyan alluna. A 1997 an sayar da mai inci 42 a Amurka a kan kusan dala 15,000. LCD ta biyo baya da ƙananan alluna, tana ƙara girma tana rage farashi, har ya zama a ƙarshen 2007 cinikinta a duniya ya zarce na mai ƙusumbi. Daga nan filasma ta fara rasa kasuwa. Kamfanin Pioneer ya sanar da janyewarsa a 2009, Panasonic ya daina ƙera ta a ƙarshen 2013, Samsung da LG suka bi sahu a 2014.

3.0 Kalmar "Filasma" a Bakin Bahaushe

Wannan tarihi ya haifar da wani abin sha'awa ga mai nazarin harshe. Bahaushe yana da al'adar ɗaukar sunan abin da ya fara sani ya yafa wa dukkan danginsa. Kowane garin sabulun wanki "omo" ne, kowane dunƙulen ɗanɗanon miya "magi" ne, ko da wane kamfani ya yi shi. Haka kalmar "filasma" ta samu faɗaɗar ma'ana. Da yake ita ce ta fara yin suna a matsayin talabijin ɗin masu hali, sai sunanta ya rufe duk wani talabijin marar ƙusumbi. An daina ƙera abin, amma sunan ya zauna daram a cikin harshe.

Illar wannan ga mai saye a fili take. Idan uban amarya ya shiga kasuwar Sabon Gari ko shagunan unguwar PZ ya ce a ba shi filasma sabuwa a kwali, abin da za a miƙo masa LCD ce, domin babu wani babban kamfani da ya ƙera filasma tun bayan 2014. Filasma ta ainihi sai a wurin masu sayar da kayan hannu, wato waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko 'yan Beljam, kuma mafi ƙuruciya a cikinsu ta haura shekara goma. Saboda haka zaɓen da ke gaban mutumin Bomo a yau shi ne tsakanin tsohuwar filasma babba mai araha da LCD, sabuwa ko ta hannu, wadda a kuɗi ɗaya ba za ta kai waccan girma ba.

Akwai kuma wani ruɗanin na biyu. 'Yan kasuwa sukan ce ga LCD ga kuma LED, kamar dai abubuwa biyu ne mabambanta. Gaskiyar magana ita ce, abin da ake sayarwa da sunan LED shi ma LCD ne. Fitilar da ke bayan allon kawai aka sauya. Tsofaffin LCD suna amfani da siraran fitilu masu kama da dogon ƙwan fuloresan, sababbin kuwa, tun daga wajen 2009, suna amfani da ƙananan ƙwayayen LED waɗanda ba su cin wuta sosai.

4.0 Yadda Kowace Take Aiki

Hoton talabijin tarin ɗigo-ɗigo ne ƙanana waɗanda ido ba ya rarrabewa daga nesa. Allo mai cikakken kaifin hoto yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, wato sama da miliyan 2, kuma kowane ɗigo ya kasu gida 3: ja da kore da shuɗi. Daga cakuɗa waɗannan launuka 3 ake samun duk sauran. Bambancin filasma da LCD yana ga inda hasken ɗigon yake fitowa.

A filasma, kowane gida ɗan ƙaramin rami ne tsakanin gilasai 2, cike da iskar niyon da zinon. Idan lantarki ya ratsa iskar, sai ta shiga wani hali na huɗu, bayan daskarewa da narkewa da tururi, wanda masana kimiyya suke kira filasma, daga nan sunan ya samo asali. A wannan hali iskar takan fitar da wani haske da ido ba ya gani, shi kuma ya bugi sinadarin da aka shafe ramin da shi, sinadarin ya yi walƙiya da launinsa. Ana iya kwatanta allon filasma da gari mai gidaje miliyan 6, kowane gida da tasa aci-balbal. Inda ake son haske a kunna, inda ake son duhu a kashe.

A LCD kuwa, fitila tana baya tana ci koyaushe, ɗigogin kuma tagogi ne. A cikin kowace taga akwai sinadarin nan na Reinitzer, wanda yake tsakanin ruwa da daskararren abu, kuma lantarki yana juya shi ya buɗe hanya ko ya toshe ta. Misalinta kamar ɗaki ne da aka kunna fitila a ciki aka saki asabari: a ɗaga haske ya fito, a sake ya tsaya. Amma kamar yadda asabari ba ya hana ɗan haske zurarowa, haka tagogin LCD ba su toshewa ɗungum. Wannan ne dalilin da ya sa baƙinta yakan yi toka-toka a ɗaki mai duhu, alhali baƙin filasma ya fi kusa da baƙi ƙirin.

5.0 Ma'aunan Zaɓe

5.1 Kyan Hoto

In don kyan hoto kaɗai ne, filasma tana da abin tinƙaho. Launinta yana da zurfi, ba ta jan inuwa a bayan abu mai gudu, kuma wanda ya zauna a gefe yana ganin abin da na tsakiya yake gani. Waɗannan siffofi 3 su ne ainihin bukatar gidan kallon ƙwallo, inda mutane da yawa suke jere a kan benci daga bango zuwa bango, cikin rumfa mai duhu, suna bin ƙwallo da ido. Yawancin LCD masu araha sukan dusashe idan an kalle su a karkace.

Amma a ɗaki mai haske sai labari ya sauya. Fuskar filasma gilashi ne mai ƙyalli, yana mayar da hoton taga da ƙofa kamar madubi, haskenta kuma bai kai na LCD ƙarfi ba. A ƙasar da rana take da kaifi kamar Zazzau, inda akan bar ƙofa a buɗe don shan iska, matar gida mai kallon fim ɗin Hausa da hantsi za ta fi jin daɗin LCD. Har ila yau, filasma tana da wata cuta ta daban: idan hoto ɗaya ya daɗe a wuri ɗaya, kamar tambarin tasha a kusurwa ko akwatin da ke nuna yawan ƙwallayen da aka ci, sai ya bar tabo a allon. Wani tabon yakan goge bayan an jima, wani kuwa ya zauna har abada.

5.2 Cin Wuta

Nan ne gizo yake saƙa. Kunna miliyoyin fitilu ya fi kunna 'yan kaɗan cin wuta. Filasma mai inci 42 takan ja tsakanin wat 150 zuwa 300, gwargwadon shekarunta da hasken hoton da take nunawa, alhali LCD mai fitilar LED mai wannan girma ba ta cika wuce wat 50 zuwa 80 ba.

A ɗauki misalin gida 2, kowanne yana kallon awa 5 a rana, ɗaya da filasma mai jan wat 250, ɗaya da LCD mai jan wat 60. A wata guda na farko zai ci yunit 37 da rabi, na biyu yunit 9. A watan Afrilu na 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga farashin yunit zuwa naira 225 ga rukunin da aka yi wa alkawarin wutar awa 20 a rana. A kan wancan farashi, na farko zai biya sama da naira 8,400 a wata, na biyu kuwa naira 2,025. Ko da unguwa ba ta cikin wannan rukuni mai tsada, ninkin yana nan: kuɗin wutar filasma ya ninka na LCD sau 4.

Ga wanda ya dogara da janareta ko sola, lissafin ya fi haka tsanani. Ƙaramin janaretan nan da aka fi sani a gidajen haya ƙarfinsa bai wuce wat 650 zuwa 800 ba. Idan filasma ta kwashe 250, aka ƙara fanka da ƙwayaye da cajin waya, ya kusa cika, ga shi kuma man fetur ya yi tashin gwauron zabo tun da aka janye tallafi a watan Mayu na 2023. Batir ɗin sola mai bolt 12 da amfiya 100 yana riƙe da abin da ya kai yunit 1 da ɗan ɗori, kuma idan irin na dalma ne, masana sun hana a zuƙe fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko. Wannan rabi zai riƙe filasma awa 2 da 'yan mintoci, wato da ƙyar a gama wasan ƙwallo guda, amma zai riƙe LCD daga magariba har tsakar dare. Akwai ma ƙananan LCD da aka ƙera su ci daga batir kai tsaye ba tare da inbata ba, abin da ba a samu a filasma.

5.3 Zafi da Ƙura

Wutar da filasma take ci ba duka take zama haske ba, mai yawa tana komawa zafi. Wanda ya ɗora hannu a samanta bayan awa guda zai ji hucin. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Zariya yake kan ganiyarsa, sanya ta a ƙaramin ɗaki mai rufin kwano kamar ƙara rushi ne a murhu, ga mutanen ɗakin da kuma kayan cikinta. Da yawa daga cikin tsofaffin filasma suna da 'yan fankoki a baya don sanyaya su, waɗannan kuwa su ke zuƙo ƙurar hunturu su tara a ciki, ƙura ta toshe kafofin iska, zafi ya ƙaru. LCD ma tana bukatar a riƙa share bayanta, amma ba ta kai wannan matsayi ba.

5.4 Nauyi da Ɗauka

Filasma mai inci 42 takan kai kilo 25 zuwa 30 saboda kaurin gilasanta, LCD mai fitilar LED kuwa ba ta cika wuce kilo 10 ba. A gidan bulo da siminti wannan ba wani abu ba ne, amma a gidan ƙasa, irin waɗanda har yanzu suke da yawa a ƙauyukan da ke kewaye da Samaru, rataya kilo 30 a bango ganganci ne, musamman da damina idan bango ya sha ruwa. Bugu da ƙari, filasma ba ta son a kwantar da ita a hanya. Wanda ya sayo ta a Sabon Gari ya kwantar a bayan Keke Napep, ya biyo ta Kwangila da Palladan, ya gangara hanyar Bomo, yana iya isa gida da tsagaggen gilashi. A tsaye ake ɗaukarta, a tallafe ta da katifa ko bargo. Ga ɗalibi mai sauya ɗaki kusan kowace shekara, wannan kaɗai ya isa dalili. Daɗin daɗawa, da wuya a sami filasma ƙasa da inci 42, saboda haka mai neman ɗan madaidaici ba shi da zaɓi sai LCD.

5.5 Gyara

Cutar da ta fi damun LCD ita ce mutuwar fitilun baya: a ji murya, allo ya yi duhu. Masu gyara sun saba da wannan, kayan ma ana samunsu. Abin da ba ya gyaruwa cikin sauƙi shi ne fashewar allon, domin kuɗin sabon allo yakan kusa kai kuɗin talabijin ɗin, fuskarta kuma ba ta da ƙwarin jure jifan yara. Filasma ta fi ƙwarin fuska, amma idan ɗaya daga cikin faifan lantarkin da ke cikinta ya ƙone, sai dai a nemi wata matacciya irinta a ciro, tun da kamfani ya daina yi. Dukkansu biyu ba su jure hawa da saukar wuta, don haka kuɗin sitabilaiza yana cikin kuɗin talabijin.

6.0 Yadda Ake Gane Su a Kasuwa

Rashin sani ya fi dare duhu. Mai saye yana iya rarrabe su da kansa ba sai ya dogara da bakin ɗan kasuwa ba. Da farko ya ɗaga ya ji nauyi. Na biyu ya ƙwanƙwasa fuskar a hankali da farce: ta filasma tauri gare ta kamar gilashin taga, ta yawancin LCD kuwa tana da ɗan taushi. Na uku ya duba takardar da ke manne a baya. A kayan da suka fito daga Turai, lambar filasmar Samsung tana farawa da PS, ta LCD da LE ko UE. Ta Panasonic TX-P ce filasma, TX-L kuma LCD. A LG harafin da ke bin lambar inci shi ne shaida, P ga filasma, L ga LCD. A wannan takarda kuma zai ga yawan wat da shekarar ƙira.

A nan ne kuma zai duba ƙarfin wutar da aka ƙera ta dominsa. Nijeriya tana kan bolt 230 kamar Turai, amma kayan Amurka na bolt 120 ne, na Japan kuma 100, wasunsu suna ƙonewa nan take idan aka sa su a soket ba tare da na'urar rage ƙarfi ba. Kada ya biya sai an kunna a gabansa, an nuna masa farin hoto fes da kuma baƙi. A farin ne tabon tsohon tambari yake bayyana a filasma, a nan ne kuma ake ganin matattun ɗigogi da dabbare-dabbaren fitila a LCD. Daga ƙarshe ya tuna cewa Nijeriya ta fara ƙaura zuwa watsa shirye-shirye na dijital, an soma da Jos a 2016, aka zo Kaduna a 2017, kuma tsofaffin talabijin da yawa ba su kama wannan tsari sai an haɗa su da dikoda.

7.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa filasma tana da wuri guda da har yanzu take da amfani, wato rumfa mai duhu, mai faɗi, mai 'yan kallo da yawa, mai kuma wuta wadatacciya, inda kuɗin shiga zai iya ɗaukar nauyin mai. Ko a can ma, mai ita ya sani cewa ranar da ta lalace mai yiwuwa ta tafi ke nan. Ga magidanci da amarya da ɗalibi a Bomo, waɗanda wutarsu ta dogara da mita mai kati ko ƙaramin janareta ko batir guda, LCD mai fitilar LED ita ce daidai da hali, ko da kuwa allonta bai kai na waccan girma ba. Arahar tsohuwar filasma ta ranar saye ce kawai, sauran kuɗin ana biyansu ne kowane wata a wurin sayen yunit da gidan mai. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, sayen nagari kuwa mai da kuɗi gida ne. Kalmar "filasma" dai za ta ci gaba da yawo a bakin jama'a kamar yadda "omo" da "magi" suke yi, ba kuwa laifi a cikin haka, muddin mai saye ya juya bayan talabijin ɗin ya karanta takardar kafin ya zaro kuɗinsa.